LADAN KUTURU: SHARHI A KAN YADDA AKA SHIRYA FIM ƊIN "BORDER"

Gabatarwa

Duk wanda ya yi samartaka a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi a ƙarshen shekarun 1990 ya san gidan kallo. Zaure ne ko rumfar kwano, da bencina, da talabijin guda bisa tebur, ga ɗan janareto yana ta kuka a bayan katanga. Lokacin saran rake, da aljihu ya yi nauyi, da an sallame isha'i za ka tarar benci ya cika har wasu na tsaye. A irin wannan wuri na fara ganin fim ɗin Indiya mai suna Border. Ba na jin ko kalma goma ta Indiyanci, amma na fito ina ji kamar a miƙo mini bindiga. Duk tankar da ta kama da wuta sai mun yi tafi da sowa, ba wanda ya tsaya ya tambaya su wane ne a cikin tankar, ko me ya haɗa su faɗa da waɗanda muke yi wa tafin.

Abu biyu suka sa na waiwayi wannan tsohon fim. Na farko, a watan Mayun 2025 Indiya da Pakistan sun yi kwana huɗu suna jifan juna da makamai, kuma tun kafin ƙura ta lafa masu shirya finafinai a Mumbai suka yi ta rige-rigen yin rajistar sunan farmakin, wato Operation Sindoor, domin kada wani ya riga su. Na biyu, wani matashi mai sha'awar rubutu ya kawo mini rubutaccen labarinsa a kan rikicin 'yan bindiga in duba masa. Labarin yana da daɗi, sai dai tun daga shafin farko har na ƙarshe ban ga mutum ko ɗaya a ɓangaren abokan gaba ba, sai dodanni. Da na tambaye shi inda ya koyi haka, sai ya ce ai haka ake yi a fim. To, tunda a fim aka koyo, bari mu koma fim ɗin mu ga yadda aka ƙera shi.

Asalin Rikicin

Lokacin da Turawan Ingila za su bar Indiya a 1947, sun raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Ita Pakistan ɗin ma ɓangare biyu ce, ta yamma da ta gabas, kuma tsakaninsu akwai ƙasar Indiya mai faɗin fiye da kilomita 1,500. Addini ya haɗa ɓangarorin biyu, harshe da mulki da rabon arziki suka raba su. A zaɓen Disamba 1970 jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman, mutumin gabas, ta sami rinjaye a majalisar ƙasa, amma gwamnatin soja ta Janar Yahya Khan ta ƙi miƙa mulki. A daren 25 ga Maris 1971 sojoji suka far wa mutanen Dhaka, aka yi kisa mai yawa, mutane kusan miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya. Yaƙi ya ɓarke sosai tsakanin ƙasashen biyu ranar 3 ga Disamba 1971, ya ƙare ranar 16 ga wata, sa'ad da sojojin Pakistan na gabas suka miƙa wuya a Dhaka. Daga nan aka haifi ƙasar Bangaladash.

Mai karatu ya riƙe wannan tarihi da kyau, domin kuwa kusan babu shi a cikin fim ɗin da muke magana a kai. Fim ɗin ya bar gabas inda tushen rikicin yake, ya koma can yamma, cikin hamadar Rajastan, ya ɗauki dare ɗaya tak.

Daren Longewala

Longewala wani ɗan sansani ne a kan tudun rairayi cikin hamadar Thar, a yankin Jaisalmer, kusa da iyaka. A daren 4 ga Disamba 1971 akwai sojojin Indiya kimanin 120 a wurin, daga bataliya ta 23 ta rundunar Punjab, ƙarƙashin Manjo Kuldip Singh Chandpuri, tare da wasu 'yan tsirarun dakarun tsaron iyaka. Sai ga rundunar Pakistan ta doso su da mutum fiye da 2,000 da tankoki kusan 40. Chandpuri ya nemi ɗauki, aka ce masa ba mai iya isowa kafin safiya. Ya zaɓi ya tsaya.

Abubuwa da dama suka taimake shi. Yana bisa tudu, maharan suna fili. Tankoki da motoci suka yi ta nutsewa cikin rairayi. Maharan sun ga waya mai ƙaya kewaye da sansanin, suka zaci an binne nakiyoyi, suka ɓata lokaci suna jira. Babban abin kuma shi ne sun shigo ba tare da rakiyar jiragen sama ba. Da gari ya waye, jiragen yaƙin Indiya samfurin Hunter suka taso daga Jaisalmer suka tarar da tankoki a sarari ba wurin ɓuya. Kafin a gama, Pakistan ta yi asarar tankoki fiye da 30 da sojoji kimanin 200. A ɓangaren Indiya kuwa, sojoji biyu ne suka mutu. A riƙe wannan adadi, biyu, za mu dawo gare shi.

Yadda Aka Shirya Fim Ɗin

J.P. Dutta shi ne ya rubuta labarin, ya shirya, ya kuma ba da umarni. Mahaifinsa O.P. Dutta ya rubuta maganganun 'yan wasa. Akwai wani ciwo a zuciyar wannan gida, domin ɗan'uwan daraktan, Deepak Dutta, matuƙin jirgin yaƙi ne, ya kuma rasu a haɗarin jirgi a 1987. Gare shi aka sadaukar da fim ɗin. Saboda haka ba za a ce kuɗi kaɗai ya kai Dutta hamada ba. Mutum ne mai makoki, yana son ya gina wa ɗan'uwansa da abokan aikinsa abin tunawa.

To amma makoki ba ya sayen tanka. Fim irin wannan yana bukatar tankoki da jirage da igwa da ɗaruruwan mutane cikin kaki, kuma mai irin waɗannan kaya a kowace ƙasa ɗaya ne, wato gwamnati. Rundunar sojan ƙasa da ta sama ta Indiya suka ba da aron kayan yaƙi da mutane, aka tafi hamadar Rajastan wajen Bikaner aka ɗauki fim ɗin cikin rairayi na gaske. Shi ya sa har yau in ka kalle shi za ka ji ƙurar kamar za ta shiga maka ido. Wannan taimako shi ne ƙarfin fim ɗin, kuma shi ne tarkonsa, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ara maka tanka ba zai so ya ga sojansa ya yi kuskure ko ya yi zalunci a cikin majiginka ba, kuma ko bai faɗa ba kai da kanka za ka kiyaye.

Wannan ba a kan Dutta aka fara ba. A 1964 Chetan Anand ya shirya Haqeeqat a kan yaƙin Indiya da Sin na 1962, shi ma da taimakon hukuma, aka ɗauka a duwatsun Ladakh. A cikinsa akwai Dharmendra, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. Bayan shekara 33 sai ga ɗansa Sunny Deol ya fito a matsayin Manjo Chandpuri. Bambancin shi ne Haqeeqat labarin shan kashi ne, Border kuwa labarin nasara ne, kuma ya fito ranar 13 ga Yuni 1997, shekarar da Indiya ke bikin cika shekara 50 da samun 'yanci. Ya zo daidai kan gaɓa, ya shiga sahun finafinan da suka fi kawo kuɗi a wannan shekara, har gwamnati ta ba shi lambar yabo ta haɗin kan ƙasa. Shekara guda bayan fitowarsa ƙasashen biyu suka yi gwajin makaman nukiliya, a 1999 kuma suka sake gwabzawa a Kargil. Ban ce fim ne ya jawo haka ba. Abin da nake nunawa shi ne irin iskar da ke kaɗawa lokacin da aka shirya shi.

Inda Fim Ya Rabu Da Tarihi

Mu dawo kan sojoji biyun nan. Duk wanda ya kalli Border ya san cewa kafin alfijir ya keto, yawancin taurarin da aka saba da su sun kwanta dama. Bhairon Singh, wanda Suniel Shetty ya fito a matsayinsa, ya rungumi nakiya ya tunkari tanka ya mutu. Laftanar Dharamvir, wanda Akshaye Khanna ya taka, shi ma ya mutu, ya bar uwa makauniya da budurwar da aka yi musu baiko. A zahiri kuwa, Bhairon Singh Rathore bai mutu a Longewala ba. Ya koma gida, ya tsufa, sai a Disamba 2022 ya rasu. Dharam Vir shi ma ya rayu, ya kai muƙamin kanar, ya rasu a 2022. Wato mutanen nan biyu sun yi shekara 25 a duniya bayan miliyoyin mutane sun yi kukan mutuwarsu a sinima.

Wani zai ce to mene ne laifi, ai marubuci ba ɗan jarida ba ne, yana da damar ƙara gishiri. Gaskiya ne, kuma ni ma ba na cikin masu cewa a mayar da ƙagaggen labari rahoton 'yan sanda. Sai dai gishiri iri biyu ne. Dubi yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Shaihu Umar. Zamanin na gaskiya ne, harin bayi da fataucinsu ta hamada duk sun faru, amma Umar ƙirƙirarre ne, saboda haka marubucin yana da ikon ya kai shi duk inda ya ga dama ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba. Dutta kuwa ya riƙe sunan wuri, da ranar, da sunayen mutane masu rai, domin mai kallo ya yarda cewa haka aka yi, sa'an nan ya canza abin da ya faru da su. Ya ci amfanin tarihi, ya ƙi biyan bashinsa.

Me ya sa ya kashe su? A ganina amsar tana cikin lissafin nan na biyu da ɗari biyu. In da an nuna abin yadda ya faru, mai kallo zai ga jirage suna ƙone mutanen da suka maƙale a rairayi ba su da mafita, kuma zuciyar ɗan Adam takan karkata ga wanda ake ƙonewa ko da shi ya fara tsokana. Domin a hana tausayi tsallaka iyaka, dole aka ƙaro gawawwaki a wannan ɓangare. Da haka aka juya ma'auni, wanda ya yi asara kaɗan shi ya kwashe hawayen duka.

Daɗin daɗawa, har a cikin gida ba a taru an yarda da labarin ba. A 2008 wasu tsofaffin hafsoshi da suka ga yaƙin daga sama suka fito suka ce jirage ne suka yi aikin, an zuzuta rawar da sojojin ƙasa suka taka, har maganar ta kai kotu. Ba aikina ba ne in raba wannan gardama daga Makarfi. Abin lura shi ne ko waɗanda suka kwana a fagen fama ɗaya, kowa da abin da idonsa ya gani, amma fim ya zaɓi ido ɗaya ya ce shi ne tarihi.

Inda Fim Ya Ciri Tuta

Ba adalci ba ne in tsaya a kan aibi kaɗai. Rabin farko na Border aiki ne na gwani, kuma a nan ne mai koyon rubutu zai ƙaru. Dutta bai yi gaggawar harbi ba. Fim ne na kusan awa uku, ya kuma ɓata lokaci mai tsawo yana nuna mana zaman jira: mai dafa abinci da surutunsa, sojan da matarsa ke kwance ba lafiya yana neman a ba shi hutu, ango da aka kira daga ɗakin amarya, ƙaramin hafsa da ya yi amai ranar da ya fara ganin an kashe mutum a gabansa. Kowane ɗaya an ba shi gida da uwa da abin da yake tsoron rasawa. Shi ya sa mutuwarsu ta yi mana ciwo.

Sai waƙar wasiƙu, wadda Javed Akhtar ya rubuta, Anu Malik ya yi mata kiɗa, Sonu Nigam da Roop Kumar Rathod suka rera. Babu harsashi ko ɗaya a cikinta, sojoji ne kawai riƙe da takardun da aka aiko musu daga gida. A gidan kallonmu nan ne aka yi tsit. Da yawa daga cikin masu zaune a bencin nan 'ya'yan 'yan cirani ne, ko masu wa a barikin soja na Zariya, sun san abin da ake nufi da jiran saƙo. Akwai wani tsohon soja a unguwarmu da ya yi yaƙin basasa, ba ya shiga gidan kallo, amma ya sha gaya mana cewa yawancin yaƙi jira ne da yunwa da tunanin gida, harbin ɗan kaɗan ne. Wannan waƙa ita ce wuri guda da fim ɗin ya yi daidai da maganar tsohon nan, kuma ba mamaki da ita ce ta fi komai daɗewa a bakin mutane.

Abokin Gaba Mara Gida

To a nan ne babban zargina yake. Dabarar da Dutta ya gwanance da ita, ta ba soja gida da uwa, ya hana wa ɗaya ɓangaren ita ƙememe. Sojan Pakistan a wannan fim ba shi da wasiƙa. Kwamandansu mai cika baki ne, yana lissafin garin da zai karya kumallo da garin da zai ci abincin dare, sauran kuwa inuwoyi ne da ke faɗuwa in an harba. Alhali a cikin mutum 200 ɗin nan akwai ango, akwai ɗan makauniya, akwai wanda aka hana hutu.

Daraktan ya san da wannan giɓi, ya kuma yi ƙoƙarin toshe shi sau biyu. Akwai inda Bhairon Singh, wanda Hindu ne, ya kutsa cikin gidan da ke cin wuta ya ceto wa wani Musulmi Alƙur'aninsa, domin a nuna faɗan na ƙasa ne, addini ba ya ciki. A ƙarshe kuma an sa waƙar da ke kokawa a kan yaƙi, ana nuna gawawwakin ɓangarorin biyu, ana kiran abokin gaba ɗan'uwa. Niyya ce mai kyau, amma ta zo a makare. Wanda aka yi awa biyu da rabi ana koya masa tafi, minti biyar ba za su koya masa nadama ba. Mu kanmu lokacin da ake wannan waƙa mun riga mun miƙe muna neman takalmanmu.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. A 2018 Meghna Gulzar ta shirya Raazi a kan wannan yaƙi na 1971, labarin wata 'yar Kashmir da aka aurar ga hafsan Pakistan domin ta yi wa Indiya leƙen asiri. Fim ɗin bai bar goyon bayan ƙasarsa ba, amma mijin nan mutumin kirki ne, gidansu gida ne na mutunci, saboda haka duk cutar da ta yi musu sai da mai kallo ya ji nauyinta. Shi ma ya yi kasuwa. Dutta kuwa da ya maimaita tsohuwar dabararsa a LOC Kargil a 2003, da taurari rututu da tsawon fiye da awa huɗu, bai sami karɓuwar da ya samu a baya ba.

Abin Da Ya Shafe Mu

'Yan'uwana marubuta, mun aro abubuwa da yawa daga Indiya, a littattafanmu na soyayya da finafinanmu na Kano, kuma aro ba abin kunya ba ne. Amma wannan salo na abokin gaba mara gida, in muka aro shi zai fi cutar da mu fiye da yadda ya cuci masu shi. Tsakanin Longewala da Pakistan akwai iyaka da waya da soja. Mu kuwa waɗanda muka yi rikici da su, a Kafanchan a 1987, ko Zangon Kataf a 1992, ko Kaduna a 2000, ko a dazuzzukan Birnin Gwari da Giwa, kasuwa ɗaya muke ci da danginsu, mota ɗaya muke shiga zuwa Zariya, 'ya'yansu da namu suna aji ɗaya. A ajin da nake koyarwa akwai ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Bamaguje a benci guda. Littafin da ya mayar da ƙabilar ɗayansu dodanni, a hannun na kusa da shi zai faɗa.

Ba cewa nake a wanke mai laifi ba. Wanda ya ƙone gari ya ƙone gari, a rubuta haka ba tare da kwana-kwana ba. Abin da nake roƙo abu uku ne. Na farko, in za ka ambaci sunan gari na gaskiya da rana ta gaskiya, to ka binciki abin da ya faru, ka kuma bar adadin matattu yadda yake. In kuwa kana son 'yancin ƙirƙira, ƙirƙiro garinka da mutanenka. Na biyu, ka tambayi kanka wane ne ya ɗauki nauyin aikinka, hukuma ce ko ɗan siyasa ko wata ƙungiya, kuma wane aski yake jira ka yi masa. Na uku, ka ba abokin gaba uwa. Ka nuna yadda yaron da ya tashi yana kiwo ko noma ya zama mai riƙe bindiga, domin mai karatu ya gane hanyar ya toshe ta.

Labaran kuma ga su nan birjik ba a taɓa ba. Kakanninmu sun bi ta Indiya zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944, amma sai da Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta Burma Boy da Turanci a 2007. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ci mutanen kowace gunduma a nan, kuma waɗanda suka dawo da rai suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990 suna nan cikinmu, wasu na gadi, wasu na noman tumatir. Ba ka bukatar aron tanka kafin ka zauna da su a kan tabarma da biro da takarda. Wannan ita ce falalar da marubuci ya fi mai fim da ita: kayan aikinsa ba su da tsadar da za ta sa a saye shi.

Kammalawa

Border fim ne da aka yi da ƙauna da gwaninta, kuma har gobe zan saurari waƙar wasiƙun nan. Amma an gina shi da kayan aro, ya kuma biya masu kayan da gaskiyar tarihi: ya kashe rayayyu biyu, ya shafe fuskar matattu ɗari biyu, ya yi shiru a kan abin da ya haddasa yaƙin. Shi kuwa matashin nan na mayar masa da rubutunsa, na ce ya je ya ƙaro babi ɗaya tak, wanda za a shiga gidan shugaban 'yan bindigar a ga wadda ta haife shi. Ya yi mako uku bai dawo ba. Da muka haɗu a tasha ya ce mini wannan babi ya fi sauran littafin duka wuya, na ce masa to yanzu ya fara rubutu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zama na gyara, amin.